Idan Mai Gigin Tsufa Ya Fara Rankwafawa

"Ai tsufa ne." Amsar da na fi ji ke nan a sashen gashi idan na tambayi 'yan uwan tsoho yaushe bayansa ya fara lanƙwashewa haka. Gaskiya ne shekaru suna rankwafar da mutum, ƙashin baya ya yi laushi, nama ya zube. Amma rankwafawar wanda gigin tsufa ya ci ƙarfinsa daban take, kuma sau da yawa ita ce ke share wa faɗuwa hanya.

Cutar da ke cin ƙwaƙwalwa ba tunani kaɗai take tafiya da shi ba. Tsayuwa ma aikin ƙwaƙwalwa ce, ita ke auna inda ƙafa take, ta gyara jiki tun kafin mutum ya san ya karkace. Idan cutar ta yi nisa sai kai ya yi gaba, kafaɗu su zubo, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, taku ya gajarta, ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Nauyin jiki duka ya koma kan yatsun ƙafa, kamar wanda ke saukowa gangare da kaya a ka. Tuntuɓe kaɗan ya isa, kuma hannun da ya kamata ya tare ƙasa ba ya fitowa da wuri, shi ya sa muke yawan ganin rauni a goshi da fuska. A nau'in cutar da ake kira Lewy, da wanda ke biyo bayan cutar Parkinson, wannan yana bayyana tun da wuri. A Alzheimer, wadda ta fi yawa, yakan zo can gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Yawan faɗuwarsu kuwa ya kai ninki biyu na sa'o'insu masu lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin da nake fara nema kafin na taɓa majinyaci shi ne ledar magungunansa. Tsoho ya hana gida barci, yana fita tsakar dare yana cewa zai tafi gona, sai a je kemis a karɓo masa maganin barci irin su dayazafam, ko maganin kwantar da hankali irin su halofaridol. Gida ya samu barci, amma bayan 'yan kwanaki jikin Baba ya sandare, wuya ya ƙage, yawu na zuba, yana tafiya a duƙe. Ga mai nau'in Lewy kuwa halofaridol yana iya zama haɗari babba. Maganin hawan jini ma yakan sa jiri idan an tashi tsaye farat ɗaya. Na ga wata Hajiya da aka kawo a keken guragu, ta karkace gefe guda, 'ya'yanta sun riga sun sallama cewa ta gama tafiya. Likita ya sake duba magungunanta, muka ci gaba da motsa jiki, ta koma zuwa ban ɗaki da ƙafarta, ana riƙe da ita. Ba kowa ke samun haka ba. Amma rankwafawa ko karkacewar da ta zo cikin kwanaki kaɗan ba ta tsufa ba ce, ta likita ce: magani ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙashin baya ne ya tsage, ko wani zafi da bakinsa ba ya iya faɗa. Kada dai a tsayar da magani a gida ba da shawarar likita ba.

Sai gidan kansa. Ku bi hanyar da tsohon ke bi daga gado zuwa ban ɗaki da asuba, ku dubi abin da ƙafarsa za ta gamu da shi: dokin ƙofa, bakin tabarma da ya naɗe, buta, santsin wurin alwala, silifas da ya yi masa yawa, zani ko wando mai jan ƙasa. Idonsa ma yana yaudararsa, baƙar darduma a bakin ƙofa tana iya zame masa rami, ya yi turus ko ya yi ƙoƙarin tsallakewa. Idan akwai yanar ido, a duba ta. A bar fitila a kunne. Tsuguno a masai ya fi ƙarfinsa yanzu, a samo kujera mai rami, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Alwala a kan kujera, salla a zaune, addini ya yi wannan rangwamen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce saboda tsoron faɗuwa an zaunar da tsoho wuni guda, wani ma a kulle shi a ɗaki ko a ɗaure shi a kujera da zani. Na san ƙauna ce da gajiya, domin jinyar mai gigi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai zama yana cinye ƙarfin cinya cikin makonni, kuma ranar da ya yunƙura shi kaɗai, faɗuwar ta fi muni. Gara a tashe shi ya taka sau da yawa a rana. Ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Kada a ja shi da hannu biyu ta gaba, wannan ƙara masa duƙawa yake. Ku tsaya a gefensa, hannu ɗaya a ƙugunsa. "Baba, miƙe mana!" ba ta aiki, umarnin ba ya zama a kansa. Ku kira sunansa daga daidai tsayin fuskarsa, ko ku miƙa masa carbi ya ɗago ya karɓa, za ku ga bayan ya ɗan buɗe da kansa.

In kuwa ya faɗi, kada a yi gaggawar ɗaga shi. Ƙafar da ta gajarta ta juya waje alamar karayar kwatangwalo ce, wannan ta asibiti ce, ba ta mai ɗori ba. Idan kansa ya bugu, ku sa masa ido ko da ya tashi garau, domin jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. Yawan barci, amai, ko ruɗewar da ta wuce wadda kuka saba gani, ko bayan makonni ne, ku kai shi asibiti a ranar, ku kuma gaya wa likita cewa ya taɓa faɗuwa.