Amsoshin Tambayoyinku: Jiragen da Suka Nitse a Tafkuna Masu Sanyi

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wai da gaske ne akwai jiragen katako da suka nitse fiye da shekara ɗari, amma har yau ana nitso a je kallonsu?

To Malam, gaskiya ne, musamman a manyan tafkunan nan biyar na Arewacin Amurka. Ruwansu ba gishiri, saboda haka babu tsutsar teku mai cin katako kamar gara. Ga kuma sanyi: can ƙasa ruwan kusan digiri 4 yake ko da rani, shi ya sa katako ba ya saurin ruɓewa.

A garin Tobamori na Kanada akwai jirgin Sweepstakes, wanda ya nitse a 1885. Zurfin wurin kamar mita 6 ne, ruwan kuma garau, daga cikin kwale-kwale ma kana hango allunansa a jere.

Sai dai sanyin nan ba abin wasa ba ne. Mai nitso yakan sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, da tufafi masu kauri a ciki. Duk da haka yatsu kan ƙage, na'urar numfashi kuma kan daskare ta yi ta tsiyayar da iska.

Wasu jiragen kuwa kaburbura ne. Jirgin Edmund Fitzgerald ya nitse a Tafkin Sufiriya, ɗaya daga cikin tafkunan nan biyar, ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, a zurfin kusan mita 160. Hukumomin lardin Ontariyo na Kanada sun hana zuwa wurin sai da izini, kuma a ganina iyalan mamatan sun cancanci hakan.