Kafin Majinyaci Ya Shigo: Kira Ga Masu Jinyar Damuwa

Aikinmu na jinyar damuwa ta hanyar zantawa aiki ne na bayan ƙofa. Mutum biyu ne a ɗaki, ɗaya yana amayar da abin da ko mahaifiyarsa bai taɓa faɗa wa ba, kuma babu mai leƙe. Kundin ƙa'idojin aiki yana nan: a riƙe sirri, ban da soyayya ko ciniki da majinyaci, kada ka taɓa abin da ya fi ƙarfin iliminka. Amma tunda nake duba aikin ƙananan ma'aikata, ban ga wanda ya kauce don bai san ƙa'ida ba. Gajiya ce ke fara shiga, ko haushin majinyaci mai gardama, ko daɗin yabon wanda ya ɗauke ka uba. Kafin mutum ya farga, ya ƙara wa wata lokaci, ya gajarce wa wani, ya kai labarin wani teburin mai shayi.

Wasu ƙwararru a Amurka da Turai sun waiwayi zaman natsuwa irin na mabiya addinin Buda, kuma ina ganin zai iya taimakawa wajen cike wannan giɓin. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da shi a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts, cikin shirin mako 8, bayan ya raba shi da ibada. Marsha Linehan ma ta ɗebo daga tafarkin Zen na addinin Buda ta gina hanyar jinyar masu yunƙurin kashe kansu. Zaman ba shi da wuyar bayani: ka zauna shiru, ka bi numfashinka, duk tunanin da ya taso ka gane shi, ka bar shi ya wuce ba tare da ka bi shi ba. Wanda ya saba da haka yakan ji tasowar fushi ko sha'awa a ƙirjinsa tun ba su kai baki ba.

A Jamus, a 2007, Ludwig Grepmair da abokan aikinsa sun raba masu koyon jinya 18 gida biyu, kashi ɗaya na yin zaman Zen kafin su ga majinyata. Bayan mako 9, cikin majinyata 124, waɗanda ke hannun masu zaman sun fi samun sauƙi. Binciken ƙarami ne, kuma sauƙin ciwo ya auna, ba riƙon amana ba. Duk da haka ya nuna halin da zuciyar mai jinya take ciki yana isa ga majinyaci.

Abin da ya fi yi mini amfani wajen horarwa shi ne wani bayani na Buddhaghosa, malamin da ya yi rubutu a Sri Lanka a ƙarni na 5. Ya ce kyawawan halayen zuciya suna da maƙiyi na kusa, wanda ke kama da su har a kasa rarrabewa. Na fatan alheri shi ne sha'awa. Na tausayi shi ne baƙin cikin da ke nutsar da mai shi. Na daidaiton zuciya kuwa halin ko-in-kula. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya ga ukun. Mai jinyar da ke kiran majinyaciya da dare yana cewa kulawa ce. Wadda ke kwana da kukan mutane har ta kasa barci tana cewa tausayi ne. Wanda zuciyarsa ta bushe yana cewa ƙwarewa ce. Kundin ƙa'ida ba ya kama waɗannan sai ɓarna ta auku, mai ɗaki ne kaɗai ya san inda yake masa yoyo.

Na san wasu za su ce ina ruwan Musulmi ko Kirista da koyarwar Buda. Ba addini nake kira a sauya ba. Musulmi yana da muhasaba, wato yi wa kai hisabi, kuma wanda ya ga ta ishe shi ya riƙe ta da gaske. Sai dai kashedi biyu: kada a ɗora wa majinyaci wannan zama ba tare da an gaya masa asalinsa ya amince ba, kuma binciken Jami'ar Brown na 2017 ya nuna yana iya tayar wa wasu da firgici. Ba ya kuma maye gurbin kai matsala gaban na gaba da kai.

'Yan'uwa abokan aiki, ku ware ko da minti biyar tsakanin majinyaci da majinyaci. Ku ajiye waya, ku tambayi kanku abin da wanda ya fita ya bari a ranku, da abin da kuke so daga wanda zai shigo. In amsar ta tayar muku da hankali, ku kai ta wurin mai duba aikinku a makon nan, kada ku jira.