Kafin Ka Miƙa Wa Yaro Waya

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku sani yaro ɗan shekara tara zuwa sha biyu ya fi ku iya latsa waya, amma bai san halin mutane ba. Sanar da shi wannan aikinku ne.

Facebook da Instagram da TikTok duk sun rubuta cikin ƙa'idojinsu cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Tushen wannan wata doka ce da Amurka ta kafa a 1998 don hana kamfanoni tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Ostireliya ma ta ga 13 ya yi kaɗan, ta mai da shi 16 a dokarta ta 2024. Saboda haka in ka ga ɗan firamare da shafi, to ƙaryar shekaru aka yi, kuma sau da yawa wani babba ne a gidan ya buɗe masa.

Macuci ba ya zuwa da kamannin macuci. Hoton yaro zai sa, ya yi ta yabo, ya turo kati ko data, sannan ya ce, "Kada ka gaya wa Baba." Daga nan sai roƙon hoton tsiraici. Da ya samu sai barazana, a turo kuɗi ko ya watsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan damfara.

To, a koya wa yaro kada ya faɗa wa baƙo sunan makarantarsa ko unguwarsu, kada ya sa hotonsa da kayan makaranta. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, ko wa ya tambaya, a'a. Manhajar Family Link ta Google tana taimaka wa iyaye su ƙayyade lokaci. Waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Amma duk wannan ba zai yi amfani ba in yaro na tsoron ku. Kunya da tsoron bulala su ne jarin macuci, domin ya san yaron da ke gudun duka zai yi shiru. Ranar da ɗanka ya zo yana rawar baki ya ce wani ya turo masa abin banza, ka danne fushi, ka yaba masa, ka adana saƙon, ka toshe lambar, ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Ku zaunar da 'ya'yanku yau ku gaya musu wannan da bakinku.