Amsar Tambaya: Wane lasisi zan sa wa manhajata?

Tambaya: Malam, mu matasa ne a Yakasai da ke cikin birnin Kano, muna rubutu a Wikipedia ta Hausa. Na rubuta 'yar manhaja mai gyara haruffan ɓ, ɗ da ƙ, ina so in saka ta a wikinmu. Wane lasisi ya dace?

Amsa: Ɗan'uwa, madalla da wannan himma. Ka sani Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhaja kamar yadda take kare littafi. In ba ka faɗi sharaɗinka ba, mai ɗauka ya shiga cinikin biri a sama.

Tun 2023 rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA 4.0, amma ita kanta Creative Commons, ƙungiyar da ta tsara shi, ta ba da shawarar kada a sa wa manhaja irin wannan lasisin, domin bai tanadi batun raba asalin rubutun manhaja ba. Tun da abin da ka saka a wikin zai shiga ƙarƙashinsa, sai ka ƙara wa manhajarka lasisi na biyu.

In kana so kowa ya ɗauka, har ɗan kasuwa, muddin ya bar sunanka da bayanin lasisin, zaɓi MIT. In kuwa kana so duk wanda ya gyara ya raba, ya saki gyaran bisa sharaɗin da ya same ta, zaɓi GPL, wanda MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke aiki a kanta, ke amfani da shi.

Ni dai ga ƙaramin aiki irin naka, MIT ya wadatar. Rubuta sunan lasisin a saman rubutun manhajar, kuma ka nemi yardar duk wanda ya sa hannu a ciki tun kafin ka wallafa.