Ciwon gut: maganinsa iri biyu ne

Darasinmu na yau a kan wani ciwon gaɓoɓi ne wanda likitoci ke kira gut. Yakan kama mutum cikin dare, galibi a babban yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai mutum ya yi ƙara. Ya fi kama maza magidanta, da mata waɗanda suka daina al'ada.

Sanadinsa wani datti ne na cikin jini, sunansa asid urik. Ƙoda ce ke fitar da shi cikin fitsari. In ya yi yawa, sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƴan ƙananan allurai.

To, me ake rubuta wa wanda aka gano masa ciwon karo na farko? Galibi maganin kwantar da kumburi ne: kolshisin, ko ibuprofen da diklofenak, ko kuma predinizon. Cikin ƴan kwanaki sai zafin ya lafa. Amma waɗannan ba sa rage dattin da ke cikin jini. Kuma suna da haɗari. Kolshisin yana sa zawo, in an zarce ƙa'ida yana kisa. Diklofenak da ibuprofen suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Shi ya sa muke ganin ganganci ne a riƙa sayensu wajen masu tallar ƙwayoyi a kasuwa duk ranar da ƙafa ta motsa.

Iri na biyu shi ne alopurinol. Shi ne ke hana jiki yin asid urik da yawa. Ba kowa ake ba shi tun tashin farko ba. Bisa ƙa'idar da likitocin gaɓoɓi na Amurka suka fitar a 2020, ana ba wanda ciwon ya tasar masa sau 2 ko fiye a shekara, da wanda ƙulluttai suka fito masa a gaɓoɓi. Mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda, ana iya ba shi tun farko.

Ana farawa da kaɗan, miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka. Sai a riƙa auna jini ana ƙarawa, har asid urik ya sauka ƙasa da miligiram 60 a cikin lita ɗaya ta jini. A nan ne ake yawan yin sake. Wasu ba a sake auna jininsu. Wasu kuwa da ƙafa ta lafa sai su aje maganin, alhali na kowace rana ne, shekara da shekaru.

Ga wani abin mamaki: a farkon shan alopurinol, ciwon yana iya tashi. Ba maganin ne ya ƙi mutum ba. Don haka ne likita ke haɗa shi da ɗan kolshisin na wata 3 zuwa 6. Amma in ƙuraje suka feso a jiki, ko zazzaɓi da gyambon baki, a tsaida shi, a tafi gidan likita ranar nan.

A rage hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, da lemun kwalba mai sukari, a bar giya. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara asid urik. Mai shan su kada ya daina da kansa. Ya kai wa likita kwalin ko takardar maganin ya duba.