Darasin lafiya: gungun iyayen matasa masu otizim

A garuruwanmu akwai yaran da ake cewa iska ta taɓa su. Yaron ba ya son haɗa ido da mutane, magana tana yi masa wuya, yana maimaita motsi ɗaya, yana toshe kunne in ya ji ƙarar injin niƙa, in kuma aka canza masa abin da ya saba sai hankalinsa ya tashi. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya duba yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da shi.

Da shi ƙwaƙwalwa take tasowa, gado kuma yana da hannu a ciki. Ba ya yaɗuwa, allurar rigakafi ba ta kawo shi, ba kuma laifin uwa ba ne. Babu maganin da ke warkar da shi, amma koyarwa cikin haƙuri tana sauƙaƙa rayuwa ƙwarai.

Lokacin balaga

Yaron da uwa take goyawa jiya, yau ya fi ta ƙarfi. Yana iya fita ya ɓace, ko ya nufi rijiya ko hanyar mota. Budurwa ta fara jinin al'ada, ba ta san yadda za ta kula da kanta ba, ga miyagun mutane. Wasu kuma a shekarun nan farfaɗiya take kama su. Uwa ta daina zuwa biki da kasuwa. Gajiya takan kai wasu ga ɗaure yaron, ɗauri kuwa tsoro da fushi yake ƙara masa. Da dare iyaye suna tambayar kansu: wa zai riƙe shi bayan ranmu?

Amfanin haɗuwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ingila, iyaye ne suka kafa ƙungiyarsu a 1962, a zamanin da wasu masana ke ɗora wa uwaye laifi, har suka buɗe makaranta don ƴaƴansu. Mu ma mun san haɗuwa. Gungun Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maradi a 1991, da akwati da zubin mako-mako. Irin wannan tsari ya ishe mu.

Yadda za mu kafa gungu

1. Mu nemi gidaje 5 zuwa 10 masu irin wannan yaro. Mu sanar da mai gari da liman. Uba ya zo, kaka da yayye ma su zo, domin gobe riƙon yana iya komawa hannunsu.

2. Mu tsai da rana ɗaya, sau 2 a wata, a wurin da babu hayaniya.

3. Abin da aka faɗa a zama ya tsaya a zama. Ba a yi wa kowa dariya.

4. Kowa ya kawo dubarar da ta yi masa amfani: nuna aiki da hoto, magana gajera, sanar da yaro kafin a canza masa abu.

5. Mu yi karɓa-karɓa. Yau wannan ta zauna da yaran, waccan ta je kasuwa ko ta huta.

6. Mu buɗe asusu don kuɗin mota zuwa likita. Farfaɗiya tana da magani, amma sai an sha kullum, kada a yanke ba da izinin likita ba.

7. Wanda ya iya rubutu ya riƙe littafi: ranar da yaro ya faɗi, abin da ke tayar masa da hankali, abin da ke kwantar da shi. A nuna wa ma'aikacin lafiya.

Sana'a

Da yawansu suna son aikin da ba ya canzawa: ɓarar gyaɗa, ban ruwa a garka tare da babba, ba awaki dusa, tufkar igiya. A raba aikin mataki-mataki, a yi shi lokaci ɗaya kullum, a yaba masa in ya yi. Matashin da ke da akuyarsa da aikinsa ya fi samun mai riƙonsa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu don otizim tun 2008. Mu sa taronmu na gari a ranar.

Tambayoyin tattaunawa a cibiya

Wane suna ake kiran irin waɗannan yara da shi a garinmu? Gida nawa muka sani? Wa zai fara kai musu gaisuwa a makon nan?