"A Ɗan Goge Mini Ita": Nazari a Kan Rufin Siramik da Aikatau Goge

Na zaɓi wannan batu ne domin in nuna yadda kalma ɗaya kan jawo asarar kuɗi idan ba a tantance ma'anarta ba. Tambayar ita ce: idan aka shafa wa mota sabon rufin kariya na siramik, sannan aka bi shi da 'yar guga marar ƙarfi, rufin zai fita ko kuwa zai tsaya?

Mu fara da nahawu. A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, goga yana giredi na ɗaya, goge kuwa yana giredi na huɗu, wanda ke nuna an yi aiki gaba ɗaya ko an kawar da abu. Shi ya sa muke cewa malam ya goge allo, wato rubutun ya tafi. Amma da wannan kalmar dai muke cewa an goge tebur, alhali ƙura kawai aka share. To mai mota da ya ce wa yaron wankin mota "a ɗan goge mini ita", wanne yake nufi? Shi yana nufin share ƙura da tsumma. Yaron kuwa yana iya ɗauko inji da man ƙyalli.

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai na shimfiɗa a kan ƙarfe, sai mai launi, sai na sama marar launi wanda ke ba da sheƙi. Kaurin wannan na saman yakan kai maikuron 40 zuwa 50. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, silin gashin mutum kuma yana kusa da maikuron 70. Shi rufin siramik, ruwa ne mai sinadarin silika da ake shafawa a kan na saman, ya haɗu da laimar iska ya daskare. Kaurinsa da wuya ya wuce maikuron 1 ko 2.

Man ƙyalli kuwa, ko da ana ganin sa da laushi kamar man shafawa, akwai ƙananan ƙwayoyi masu kaifi a cikinsa, galibi na alminiyam oksaid. Kankara yake yi, irin ta samfefa, sai dai a hankali. Wanda ya fi kowanne sauƙi, idan aka haɗa shi da inji, yakan ci maikuron ɗaya zuwa uku. Mai karatu ya gwama wannan da kaurin rufin, ya ga amsa da kansa. Ƙwarai kuwa, guga marar ƙarfi tana cire shi, ko ta bar shi faci-faci. Ta hannu ba ta kai ta inji ci ba, amma tana rage shi. Sabon shafi kuma shi ya fi saurin tafiya, domin duk da yakan bushe a cikin sa'o'i, sai ya yi kamar mako ɗaya zuwa uku kafin ya gama ƙarfi. Don haka ne ake hana ruwa ya taɓa shi a ranar farko.

Masu talla sukan rubuta 9H a jikin kwalba don nuna tauri. Wannan ma'auni na fensir ne, ba ma'aunin Mohs na duwatsu ba. A ma'aunin Mohs alminiyam oksaid yana mataki na 9, yashi kuma yana na 7, duk sun fi rufin tauri. A ganina wannan lamba ta fi amfanar mai sayarwa. Ga wanda ke zaune inda hazon hunturu ke sauka, ya sani akwai ɓurɓushin yashi a cikin ƙurar, saboda haka ko share ta da busasshen tsumma yana barin zane. A fara kwarara ruwa tukuna.

Akwai lokacin da ake gugar da gangan. Idan mai shafawa ya bar wani wuri ya yi kauri, sai ya fito da duhu-duhu ko launin bakan gizo. In an gani da wuri, ƙara ɗigon ruwan rufin a share nan take ya isa. In ya riga ya daskare, dole a bi wurin da man ƙyalli, a tsabtace da sifirit, a sake shafawa, domin wurin ya koma tsirara.

Wasu sukan watsa ruwa bayan guga, su ga ya dunƙule yana gangarowa, su ce ai rufin yana nan. Maiƙon da man ya bari ne yake yin haka. A wanke maiƙon da sifirit, sannan a sake gwadawa.

Mu da muke koyon fassara da ƙirƙirar kalmomi, ina ba da shawarar mu riƙa cewa share ko wanke idan ƙura ake nufi, mu ce kankare idan inji da man ƙyalli za su shiga.